Har Dutsin Ma Ba Ta Bari

Litinin, 5 ga Mayu, da yamma

Yau Malam Tukur ya ce in ɗan huta a gida. Haka ya faɗa, "ki ɗan huta," sai ka ce na kai masa kukan gajiya. Tun da na fara koyar da labarin ƙasa a makarantar nan ta Kurfi ban taɓa roƙon hutu ba, ko ranar da zazzaɓi ya so kayar da ni sai da na je. Yau kuma shugaban makaranta ya kira ni ofis, ya ajiye wayarsa a kan tebur, ya danna. Sai ga muryata:

"Ƙanƙara ba ta zuwa da hayaniya. Kuna barci tana tahowa. In ta taso ba ta barin gona, ba ta barin itace, har dutsin ma ba ta bari. Daga nan sai ta ci zurfi."

Na ce, "To, Malam, mi ya faru? Ai darasin 'yan ajin ƙarshe ne."

Darasi ne kuwa. Tun da hanya ta lalace, iyaye da yawa na ƙauyuka sun hana 'ya'yansu fitowa, ga jarabawar fita ta matso. Shi ne nake ɗaukar darasi da murya, da Hausa yadda za su gane, in tura musu ta waya. Na makon jiya a kan ƙanƙarar ƙasashen sanyi ne, wadda ke taruwa a kan tsaunuka shekara da shekaru har ta yi nauyi, ta riƙa gangarowa a hankali tana sassaƙe kwari har ta kai bakin teku. Wani ɗan albarka ya yanke kan darasin da gindinsa, ya bar jimlolin nan tsirara, ya sake su gari.

Malam Tukur ya ce, "Sake saurare, Malama Dina. Amma wanga karo da kunnen mutumin da bai samu barci ba jiya."

Na saurara, na ji abin da suke ji. Ƙanƙara, garin nan na kudu da mu, wajen dajin da kowa ya san su wa ke cikinsa. Dutsin ma, Dutsin-Ma garinmu. Zurfi kuwa, da ƙarar fankar da ta shiga cikin ɗaukar, an rantse Kurfi na ce.

Dariya ta ƙwace mini. Shi ko murmushi bai yi ba.

"Ni na gane," in ji shi. "Na gane sarai. Amma ba ni kaɗai ke da kunne ba a ƙasar nan."

A hanyar dawowa Abdullatif, ɗan Hajiya Rahamatu maƙwabciyarmu, wanda motarsa nake shiga kullum safe da yamma, ya leƙo ni ta madubi ya ce, "Ranki shi daɗe kwamanda, yaushe za a shigo? A faɗa mani in cika tanki." Na kwaɗa masa littafi a ƙeya. Tare muka yi rarrafe da yaron nan, bakinsa bai taɓa ciwo ba. Mu biyu muka yi ta dariya, sauran fasinjoji kuwa tsit. Wani tsoho ya ce a sauke shi tun ba a kai inda ya biya ba.

Talata, 6 ga Mayu, da hantsi

Ban je ba. Na wanke labulayen da ba su yi datti ba.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan azahar

Da gangan na shiga kasuwa. Albasa kawai muke nema, amma sai da na zaga har layin masu atamfa don duk mai son kallo ya kalla. Nan da can ina jin muryata tana fita daga wayoyin mutane. Wani ma ya ɗora mata jiniya a ƙasa, don kada mai saurare ya manta da jin tsoro.

Mai albasar da nake saye wurinsa tun ina 'yar firamare ya zuba mini bai ɗago kai ba. Na ce, "Yau ba gyara?" Ya ce, "Malama, ɗauki ki tahi, don Allah." Ina juyawa na ji kalmar a bayana, a hankali, daga bakin wata mace.

Kalmar ita ce infoma, mai kai wa mutanen daji rahoto. Na rubuta ta sau ɗaya don in ga yadda take a kusa da sunana, ba zan sake ba. Kowa a garin nan ya san abin da ake yi wa wanda ta manne wa, kuma ba gaban alƙali ake kai shi ba.

Wai saƙo na aika a dunƙule. Ni dai ban taɓa jin mai aika saƙon sirri ta wayoyin 'yan makaranta ba, yaran da ko sirrin aljihunsu ba su iya riƙewa. Su ma mutanen Ƙanƙara bayin Allah, abin da ke cin mu shi ke cin su, har ya fi, yanzu an mai da sunan garinsu abin razana yara.

Ba inda za ni.

Alhamis, 8 ga Mayu, da safe

Baba ya ji labari a wurin aiki. Ya shigo ya zauna a kan benci da fensir a bayan kunne. Can ya ce, "Dina, mu baƙi ne. Baƙo ba ya ɗaga murya."

Wannan magana ta fi ta kasuwa ƙona mini rai. Gidiyon kafinta, wanda ya baro Zonkwa tun ba a haife ni ba, wanda rabin rufin unguwar nan ƙusarsa ce a jiki, shi ke kiran kansa baƙo. A ɗakin nan aka haife ni. Mamata tana kwance a maƙabartar bayan gari. Zonkwa kuwa in na je sai an nuna mini hanyar gidan kakata.

Na ce masa, "Baba, kai yaya kake cewa? Dutse ko dutsi?"

Ya ce, "Dutse mana."

"To ka gani. Littafi ma dutse ya ce. Da baƙuwar ce ni, da 'dutsen ma' zan ce, ba wanda zai ji sunan gari a ciki. Ni dutsi na buɗe baki na ji ana faɗi, a tsakar gidan Hajiya Rahamatu. Bakin garin nan ne ya jawo mini, shi ne kuma ake ce mini baƙuwa."

Ya dube ni kamar zai yi dariya, sai ya fasa. Ya ce wayona ya yi yawa tun ina ƙarama. Ya fita bai sha kununsa ba.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan la'asar

Sabitu ya zo. Shi ne shugaban 'yan sa-kai na unguwarmu yanzu, amma ni na san shi tun yana kwafar lissafina a aji huɗu, kuma ya san na sani. Ya bar yaransa a bakin titi, ya tsaya a ƙofar gida, ya yi sallama da ladabi.

Abin da ya zo da shi mai sauƙi ne, in ji shi. In ɗauki wata muryar, in ce na yi kuskure, na tuba, a yafe mini. Shi zai watsa ta da kansa, magana ta mutu.

Na ce, "In tuba daga mi?"

"Malama, ki dai faɗa. Baki ne kawai."

"In na ce na tuba, na ce na yi ke nan. Gobe in wani abu ya faru, muryar tawa za ku kunna ku ce ga ta nan ta amsa da bakinta. Ga darasin nan cikakke, watsa shi."

Ya ce dogo ne, wa zai tsaya saurare? Na ce shi zai fara. Na ɗauko kujera na ajiye masa, na kunna. Da farko sai duba titi yake yi. Da aka zo inda nake bayanin cewa kwarin da ruwa ya haƙa tsukakke ne a ƙasa kamar bakin garma ya ratsa, wanda ƙanƙara ta haƙa kuwa mai faɗin gindi ne kamar ƙwarya, gefensa a miƙe, sai na ga ya daina duba titin.

"To tekun a ina ya shigo?" in ji shi.

Na ce ƙanƙarar kan ci ƙasa har ta wuce daidai fuskar teku, abin da nake nufi da ta ci zurfi ke nan. In zamani ya juya ta narke, sai ruwan teku ya biyo kwarin ya cike shi, ya shiga can cikin ƙasa tsakanin tsaunuka, har manyan jiragen ruwa su bi. Fiyod ake ce masa, ƙasar Nowe cike take da su.

Ya ce, "Ke kin taɓa ganin tekun?"

"A'a."

"Ƙanƙarar fa?"

"Ta cikin zoɓo."

Ya yi dariya har da buga ƙafa, sannan ya miƙe ya gyara bindigarsa. "To kin gani, Malama. Ke kina ba da labarin abin da ba ki taɓa gani ba, su kuma suna jin abin da suke gani kullum. Ni ba ni iya riƙe su har abada."

Na ce ban ce ya riƙe kowa ba. Na ce ya gaishe da gida.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan sujada

Na ɗauka a coci zan sha iska. Bencin da nake zama yau ya yi faɗi, kowa ya tuna yana son zama kusa da taga. Da aka tashi wata dattijuwa ta ja ni gefe ta ce in yi haƙuri in yi abin da aka ce, kada in jawo wa sauran. Wato can ni baƙuwa ce, nan kuma ni ce mai jawowa.

Na yi waƙa da ƙarfi fiye da kullum, da muryar tawa da ake tsoro.

Litinin, 12 ga Mayu, da hantsi

Hutu aka ce in yi daga aji, ba a ce in huta daga waya ba. Na tura darasi na biyu a kan ƙanƙara.

Na yi musu bayanin tarkacen da ƙanƙara ke turowa a gabanta, tsakuwa da yashi da laka, in ta narke ta bar su tsibi a bakin kwari. Shi ya sa bakin fiyod bai cika kai cikinsa zurfi ba. Na faɗa musu kuma kada wanda ya kuskura ya rubuta a jarabawa cewa duwatsun garinmu ƙanƙara ce ta sassaƙe su, aikin rana da ruwan sama ne. Sai na zo kan dutsin da ƙanƙara ke ɗaukowa daga wata ƙasa ta kai shi nesa ta yar, ya zauna nan dubban shekaru, itatuwa su tsiro a gindinsa, amma masana su zo su ƙwanƙwasa su ce ba ɗan nan ba ne. A nan muryata ta so ta yi rawa. Na goge na sake ɗauka, don ba zan ba kowa wannan daɗin ba.

Ina turawa na ga ana ta ficewa daga zauren ajin na waya. Wane ya fita, wance ta fita. Na san ba yaran ba ne, iyaye ne ke karɓe wayoyin. Waɗanda suka rage sun saurara, ba wanda ya turo tambaya.

Talata, 13 ga Mayu, da hantsi

Motar Abdullatif ba ta isa Kurfi ba.

Talata, da yamma

An samu motar a gefen hanya, ƙofofi a buɗe. Ba zan rubuta sauran ba.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da su. Tun azahar nake jin Hajiya. Ba kururuwa take ba, sunansa kawai take kira, kamar yadda take kiransa in abinci ya sauka. Na toshe kunne, na buɗe, na sake toshewa. Ina tsoro, ina kuma jin kunyar cewa a cikin tsoron har da na kaina.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan azahar

Baba ya ce kada in shiga jaje. Na yafa gyale na shiga.

Tsakar gidan cike da mata. Ina yin sallama magana ta ɗauke. Na durƙusa gaban Hajiya na ce, "Hajiya, ya muka ji da wanga abu? Allah shi bayyana shi." Matar da ta goya ni lokacin da Mama ke jinya, wadda ta yi mini kitso har na gama sakandare, ta ce "amin" tana kallon tabarma.

Na samu gefe na zauna. Can wata daga cikin dangi, ba da ni take ba wai, da bango take, ta ce, "Ikon Allah. Mutum kullum yana cikin motar nan, safe da yamma, sai da abu ya matso ya daina shiga."

Na ce, "Hana ni zuwa aka yi, Inna. A tambayi shugaban makarantarmu."

Ban tashi ba sai da na ga dama.

Ina fitowa na kira Malam Tukur, na ce ya faɗa wa mutane shi ya ce in zauna a gida. Ya ce, "Malama Dina, a bar maganar nan ta lafa tukuna. Ni ma ina da iyali." Na ce Allah shi raya su. Na sake kira da yamma, wayar tana ta ƙara.

Alhamis, 15 ga Mayu, da safe

Na shiga jaje. "Amin," tana kallon tabarma.

Juma'a, 16 ga Mayu, da yamma

Masu aiki sun fara zuwa suna kwashe katakonsu daga wurin Baba. Kowa da dalilinsa, wani ya fasa ginin, wani matarsa ta canza shawara. Baba yana taya su ɗorawa a kura, har da yi musu Allah shi kiyaye hanya.

Wajen la'asar ina ɗaki sai na ji tau a kan kwano. Na ji wani, na ji wani, sannan suka sauko gaba ɗaya kamar ana juye tsakuwa. Na ce to, sun zo. Ban san lokacin da na ɗauki taɓarya ba. Na ce wa Baba ya zauna a ciki, na buɗe ƙofa da ƙarfi don in ga fuskar wanda ya fara jifa, in kira shi da sunan uwarsa.

Babu kowa a titi. Hadari ne ya haɗo ban lura ba, ƙanƙara ce ke zuba, farare ƙanana kamar gurjiya, suna tsalle a tsakar gida.

Na tsaya da taɓarya a hannu ina dariya. Na ce, "Baba, fito ka gani, ta iso Dutsin-Ma!" Na yi ta dariya har ta juye ta zama wani abu, na zauna a dokin ƙofa ruwa yana dukana. Baba ya zo ya zare taɓaryar daga hannuna, ya mai da ita inda take.

Asabar, 17 ga Mayu, da hantsi

Baba ya ɗaure kayan aikinsa a buhu. Ya ce akwai mai motar da zai kai mu Zariya, daga nan mu nemi ta gida. Gida, in ji shi.

Na ce in na tafi yau, gobe za a ce ta gudu, gaskiya ta fito. Yaran da na koyar za su girma suna cewa malamarsu ce ta sayar da motar Kurfi. Kabarin Mama kuma ya zama na uwar wance. Na ce shi ya tafi, ba zan ga laifinsa ba.

Ya ce, "Suna kike tsaro, ni ke nake tsaro."

Ba inda za ni dai.

Litinin, 19 ga Mayu, bayan azahar

An ce mutanen daji sun kira waya. An ce Abdullatif yana da rai. Daga bakin masu wucewa na ji, ba wanda ya shigo ya faɗa mana.

Na ɗauki darasi na uku don hannuna ya samu abin yi. Ƙanƙarar da ke can ƙarshen duniya in ta narke ba can ruwan ke tsayawa ba, teku ɗaya ne, yana tasowa ya ci gaɓar mutanen da ba su taɓa ganin ƙanƙarar ba, har namu na kudu. Ƙasar da ƙanƙara ta danne kuma, in nauyin ya sauka, takan riƙa ɗagowa kaɗan kaɗan, har a ga tsohuwar gaɓar teku ta koma can kan tudu. Na ce su riƙe wannan da kyau, masu jarabawa suna son sa.

Wata daga cikin 'yan ajin ta turo tambaya, ta goge kafin in gama karantawa. Na amsa rabin da na gani.

Laraba, 21 ga Mayu

Kasuwa. Na je, na dawo. Albasa ta yi tsada.

Alhamis, 22 ga Mayu, da yamma

Sabitu ya tare ni a bakin famfo, bai ko yi sallama ba. Ya ce gobe in an sauko daga masallaci za a zo a tafi da ni a yi mini tambayoyi. Ba shi ya shirya ba, 'yan uwan waɗanda ke cikin motar ne, kuma yaransa ma sun rabu biyu. Ya ce akwai ƙofar baya ta wajen masu bulo, in fita tun da safe.

Na ce, "Wa ya taɓa dawowa daga tambayoyin nan?"

Ya juya yana duba titi.

Na ce, "Ka san ban yi ba."

"Na sani. Sanina ba ya tare mutum hamsin."

Na ce to su same ni a ƙofar gaba. Na cika bokitina na ɗauka. Sai da na shiga gida na dire bokitin da ƙarfi, rabin ruwan ya zube a zaure.

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan la'asar

Zan rubuta yadda abin ya gudana tun hannuna bai manta ba.

Na yi wanka, na sa atamfar da nake zuwa aji da ita, na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida na zauna. Baba ya fito da bencinsa ya zauna a bayana. Na ce ya koma ciki, ya ce shi ma iska yake sha.

Suka zo. Ba baƙuwar fuska ko ɗaya. Akwai wanda na koyar da ƙanwarsa, akwai wanda Baba ya yi wa gadon aure. Sabitu yana gefe, idonsa a ƙasa. Wani ya ce in tashi in bi su. Na ce duk mai tambaya ya yi ta a nan, a gaban kowa, ina da baki. Wani ya ce ba a nan ake yi ba. Suka matso. Na ji Baba ya fara addu'a ƙasa ƙasa da harshen garinsu, abin da rabon da in ji tun rasuwar Mama.

Sai ƙofar maƙwabta ta buɗe. Hajiya Rahamatu, wadda ba ta leƙo waje ba tun ranar, ta fito da hijabi har ƙasa, ta ratsa maza ba ta kalli kowa ba, ta zo ta zauna a kan tabarmata. Ta rame har na tsorata.

Ta ce, "Sabitu."

Ya ce, "Na'am, Hajiya."

"Ni aka ɗaukar wa ɗa, ko ku?"

"Ke ce, Hajiya."

"To an ɗauki guda a layin nan. Ba a ɗaukar na biyu ina kallo. Wanda ke son ɗiyar nan shi fara ɗaga ni."

Wani daga baya ya ce shi ma ƙaninsa na cikin motar. Ta ce ta sani, ta san uwarsa, tare suke kuka, in ya tafi da ni ƙanin nasa zai dawo yau? Aka yi cirko-cirko. Sabitu ya samu abin da yake nema, ya fara kora yaransa, sauran suka bi a hankali suna waiwaye. Ba wanda ya ba da haƙuri, ban kuma sa rai ba.

Da titi ya yi fili na kama hannunta na ce, "Hajiya, na gode." Hawaye sun riga sun zo mini.

Ta zare hannun. A karo na farko tun ranar ta dube ni ido cikin ido.

"Kada ki gode mani, Dina. Cewa na yi ba a ɗaukarki, ban ce zuciyata ta kwanta ba. Duk na rufe ido motar nan nake gani, kowa na ciki, wurin zamanki ne kaɗai babu kowa."

Ta miƙe ta shiga gida ta rufe ƙofa.

Asabar, 24 ga Mayu, da hantsi

Mutum hamsin ba su sa ni kuka ba. Ita ta sa.

Lahadi, 25 ga Mayu, da yamma

Ban je coci ba. Na wuni ina juya maganar Hajiya. Na ba ta amsa a raina ta kowace fuska: hana ni aka yi, ga wanda ya hana ni, ga ranar, ga darasin cikakke. Duk gaskiya ne, kuma duk ba zai cike mata wurin zaman nan ba. Magana ce ta kawo ni nan, na ga alama ba ita za ta fitar da ni ba.

Malam Tukur bai ce in dawo ba. Ban tambaye shi ba. Jarabawa saura kaɗan, ban gama gaɓar teku da yaran nan ba, kuma akwai zanen da ba ya yiwuwa sai a allo.

Na faɗa wa Baba. Ya ce, "Hanyar nan, Dina? Yanzu?" Na ce kullum mutane na bin ta, masu kai tumatir, masu zuwa asibiti, su ma 'ya'yan wasu ne. Ya ce in an tare fa? Na ce to an tare da ni a ciki.

Ina tsoro ƙwarai. Na goge kayana, na sa alli a jaka. Baba ya fita tsakar gida, na ji yana kwance buhun kayan aikinsa yana jera su ɗaya bayan ɗaya.

Litinin, 26 ga Mayu, da sassafe, a tasha

Na buga ƙofar Hajiya kafin in fito, na ce, "Hajiya, na tafi Kurfi." Har na juya sai na ji ta daga ciki: "Wace mota?" Na ce duk wadda ta fara cika.

Ta kusa cika. Gidan gaba na zauna, jikin taga, inda kowa zai gan ni.